Mwalimu Julius Nyerere: Malamin da Ya Nemi Haɗa Kan Ƙasashe Matalauta

A wannan fitowa za mu dubi rayuwar Julius Kambarage Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, wanda mutanensa suka laƙaba wa Mwalimu, wato malami a harshen Suwahili.

An haife shi a ƙauyen Butiama, kusa da Tafkin Biktoriya, a watan Afrilu na 1922, ɗa ne ga wani sarkin ƙabilar Zanaki. Bai shiga makaranta ba sai da ya kai shekara 12. Ya karɓi baftisma a Ikilisiyar Katolika a 1943, ya yi karatu a Makerere ta Yuganda, sa'an nan a Jami'ar Edinbara, inda ya gama a 1952. Da ya komo gida ya koyar a makarantar mishan ta Pugu, har siyasa ta raba shi da alli. Shi ya jagoranci jam'iyyar TANU tun kafuwarta a 1954, Tanganyika ta sami 'yanci a 1961, ta kuma haɗu da Zanzibar a 1964, aka sami Tanzaniya.

Tun da wuri Mwalimu ya gane cewa tuta da taken ƙasa ba su isa 'yanci ba, muddin mai saye ne ke yanka wa manomi farashin audugarsa da gahawarsa, mai ba da rance kuma ke shata wa gwamnati abin da za ta yi. A Sanarwar Arusha ta 1967 ya gargaɗi jama'arsa da kada su ɗora ginin ƙasa a kan kuɗin agaji, su ɗora shi a kan ƙasar noma da gumin kansu. A shekarar nan ce kuma Paparoma Bulus na 6 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Populorum Progressio, wadda ta koka da irin wannan ciniki marar adalci.

Dutsen da ya fi gwada wannan ra'ayi shi ne dogon jirgin ƙasa na TAZARA. Zambiya ba ta da bakin teku, tagullarta kuwa ta Rodeshiya take fita, inda Turawa 'yan tsiraru suka ƙwace mulki a 1965. Nyerere da Kenneth Kaunda suka nemi taimakon ƙasashen Yamma, aka ce aikin ba zai biya ba. Ƙasar Sin, wadda ita ma a lokacin matalauciya ce, ta ba da rance marar ruwa da ma'aikata. Daga 1970 zuwa 1975 aka shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 1,860, daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi.

A 1979, da ministocin Rukunin 77 suka taru a Arusha, Mwalimu ya kwatanta musu halinsu da na leburori. Lebura ɗaya in ya je gaban mai kamfani, abin da aka miƙa masa shi zai karɓa. Amma in sun je da ƙungiya, dole a zauna da su. Haka ƙasashe matalauta: tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Sai dai gaskiya ta wajabta mana mu faɗi inda ya yi tuntuɓe. Ƙungiyoyin ƙwadago sun tsaya tare da shi a neman 'yanci, har shugabansu Rashidi Kawawa ya zama firayim minista a 1962. Amma bayan boren sojoji na 1964, aka tsare shugabannin ƙwadago da dama, aka rushe tarayyarsu, aka kafa NUTA a ƙarƙashin ikon gwamnati. Wato 'yancin da ya nema wa ƙasashe a gaban masu ƙarfi, ya taƙaita shi ga ma'aikatan gida, alhali tun wasiƙar Rerum Novarum ta 1891 Ikilisiya ke koyar da cewa haƙƙin ma'aikata ne su kafa ƙungiyarsu. Haka kuma aka tilasta wa miliyoyin manoma ƙaura zuwa ƙauyukan Ujamaa a tsakiyar shekarun 1970. Ilimi da asibitoci sun yaɗu ƙwarai, amma noma ya ja baya, Tanzaniya ta ƙara dogara ga agajin da ya yi gargaɗi a kansa.

A 1985 ya sauka daga mulki don kansa, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta wancan zamani. Daga 1987 ya shugabanci Hukumar Ƙasashen Kudu, tare da Manmohan Singh na Indiya a matsayin babban sakatare. Rahotonta na 1990 shi ya haifi Cibiyar Kudu da aka kafa a Jeniba a 1995, don ƙasashe masu tasowa su riƙa shirya bakinsu ɗaya kafin su shiga ciniki da manya.

Ya rasu a Landan ran 14 ga Oktoba 1999, yana tsakiyar sasanta rikicin Burundi, aka binne shi a Butiama. An san shi da halartar Mas kusan kullum da kuma ƙin tara dukiya. A 2005 Dayosis ɗin Musoma ya fara binciken rayuwarsa, yanzu ana kiransa Bawan Allah. Hukunci na Ikilisiya ne. Namu shi ne mu riƙe darasin da ya koyar, mu kuma kiyaye shi a inda shi kansa ya gaza. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.