Len Bias: Gwanin da Ya Kwana Biyu Kacal a Sahun Ƙwararru

Duk wanda ya taɓa zama a bakin filin dambe a Ƙaura Namoda ko Shinkafi bayan an kawar da amfanin gona ya san wannan gardama. Yaro ya buwayi sa'o'insa a ƙauye, sai 'yan kallo su rabu biyu. Wasu su ce ranar da ya shiga birni manyan 'yan dambe za su sha ƙasa, wasu kuma su ce kifin rijiya ne, bai dai gamu da gamonsa ba. Maganin irin wannan musu ɗaya ne, a sa zare a gani. A Amurka akwai gardama mai kama da wannan da masoya ƙwallon kwando suke yi tun 1986, sai dai tasu ba ta da ranar yankewa, domin wanda ake yi a kansa ya mutu kafin ya taka fili ko da na minti ɗaya a matsayin ƙwararre.

Sunansa Leonard Kevin Bias. An haife shi ranar 18 ga Nuwamba, 1963, a Landover ta jihar Maryland, dab da birnin Washington, a gidan baƙaƙen fata masu riƙo da addininsu. Ya yi sakandare a Hyattsville, kuma da lokacin shiga jami'a ya yi bai tafi nesa ba, ya zaɓi Jami'ar Maryland da ke kusa da gida, a hannun koci Lefty Driesell. A 1982 ke nan.

A can jami'o'i su ne makarantar koyon sana'ar ƙwallon kwando. A wancan zamani ɗalibi yana wasa ne ba albashi, ladansa karatu kyauta da wurin kwana da abinci, alhali dubban mutane na biyan kuɗi su kalle shi, gidajen talabijin kuma na zuba wa jami'o'in dukiya. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin babbar gasar ƙwararru ta NBA suke zama su zaɓi waɗanda suke so daga cikin ɗaliban, bi da bi. Wanda aka kira da wuri ya haye. Amma tarihin wasan cike yake da taurarin jami'a da suka dusashe da zarar sun haɗu da manya, shi ya sa musun ba ya ƙarewa.

Bias bai zo da ƙarfinsa ba. A shekararsa ta farko abin da yake ci a wasa bai wuce maki bakwai da 'yan kai ba, tsalle da ƙarfi kawai gare shi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu baiwa shi ne kowace shekara sai ya dawo da wani abu sabo. A 1984 ya jagoranci Maryland ta ci kofin rukunin jami'o'in gabar Atlantika, wanda ake kira ACC, aka kuma ba shi kambin gwarzon gasar. A 1985 da 1986 a jere aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a rukunin. A shekararsa ta ƙarshe yana cin maki 23 a kowane wasa, ya kuma bar jami'ar da maki 2,149, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a can kafinsa. Tsawonsa mita 2 da santimita 3 ne, ga faɗin ƙirji, amma idan ya tashi jifa sai ya lula sama har hannun mai tsaronsa ya kasa kaiwa, ƙwallo kuma ta sauka a raga a hankali kamar an ajiye ta.

Daren da masoyansa suka fi kafa hujja da shi shi ne na 20 ga Fabrairu, 1986. Maryland ta je gidan Jami'ar North Carolina, wadda a lokacin ita ce ta ɗaya a ƙasar, kuma ba a taɓa doke ta a sabon zauren wasanta ba. Ana gab da tashi Maryland na baya. Bias ya jefa daga nesa ya ci, kafin abokan hamayya su gama miƙa wa juna ƙwallo ya fizge ta, ya juya wa kwando baya ya dankara ta ta saman kansa. Maki huɗu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ya tashi da maki 35, Maryland ta yi nasara da 77 da 72 bayan ƙarin lokaci. A wannan jami'a ta North Carolina ne Michael Jordan ya yi wasa har zuwa 1984, kuma su biyun sun sha karawa. Daga nan aka fara auna su a sikeli ɗaya.

Sai kuma sa'a ta zo masa ta inda ba a saba ba. A ƙa'ida ƙungiyoyi marasa ƙarfi ne ke fara zaɓe, amma Boston Celtics ta mallaki gurbi na biyu saboda wata musayar ɗan wasa da ta yi da Seattle tun 1984. Boston kuwa ita ce zakara. Ranar 8 ga Yuni, 1986 ta ɗauki kofi bayan ta doke Houston Rockets, ƙungiyar ɗan Najeriya Hakeem Olajuwon, da wasa huɗu da biyu. Tana da Larry Bird da Kevin McHale da Robert Parish, sai dai shekaru sun fara hawa kansu. Shugabanta Red Auerbach ya daɗe da sa wa Bias ido a matsayin magajinsu. Ranar 17 ga Yuni, a birnin New York, aka kira sunansa, ya sa koriyar hular Boston yana murmushi. Washegari ya je Boston tare da mahaifinsa, aka yi maganar kwangilar talla da kamfanin takalma na Reebok, da dare suka koma gida.

A daren ya koma ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a, ya zauna da wasu abokai suna shagali, akwai hodar iblis a wurin. Da misalin ƙarfe shida da rabi na safiyar 19 ga Yuni ya yanke jiki ya faɗi. Kafin ƙarfe tara likitoci sun tabbatar da mutuwarsa, hodar ta hargitsa bugun zuciyarsa. Shekarunsa 22. Mutum fiye da dubu 11 ne suka taru a zauren wasan jami'ar domin yi masa addu'a.

Masu cewa da ya rayu da ya zama kishiyar Jordan suna da abin riƙewa: jikinsa ya riga ya isa na ƙwararru, yana da jifa, ga shi zai faɗa hannun manyan da za su koya masa ba tare da an ɗora masa kaya tun ranar farko ba. Suna kuma nuni da abin da ya sami Boston bayansa, wadda ba ta sake ɗaukar kofi ba sai 2008. Masu ja suna cewa ba a san shi da raba ƙwallo ko sarrafa ta kamar Jordan ba. Hujjarsu mafi nauyi kuwa ita ce sauran 'yan ajinsa. Chris Washburn da aka zaɓa na uku da Roy Tarpley na bakwai duk ƙwaya ta sa an kore su daga gasar, William Bedford na shida shi ma ita ta cinye shi, alhali Dennis Rodman da sai a gurbi na 27 aka tuna da shi ya yi suna a duniya. A gaban kotu ma wani abokin wasansa ya ba da shaidar cewa daren nan ba shi ne karon Bias na farko ba. A ganina ɓangaren farko ya fi gaskiya game da gwanintarsa, na biyu kuma game da zamanin da zai shiga. Matacce dai ba ya ɓarar da ƙwallo, don haka kullum shi ke cin musun.

Binciken da ya biyo baya ya tona asirin jami'ar. Ashe gwarzon nata ya kammala shekara huɗu ba tare da ya cika sharuɗɗan digiri ba, a zangonsa na ƙarshe ma bai ci ko darasi ɗaya ba. Kafin shekarar ta ƙare koci Driesell da daraktan wasanni sun sauka daga muƙamansu.

Amma babban abin da mutuwarsa ta haifar a majalisa aka haife shi. Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Tip O'Neill, ɗan yankin Boston ne, ya je hutu gida ya tarar ba maganar da ake yi sai ta Bias. Kwana takwas bayan rasuwar, hodar ta sake kashe wani ɗan wasa, Don Rogers na Cleveland. Ga zaɓen 'yan majalisa na tafe a watan Nuwamba, kowace jam'iyya na tsoron a ce ta yi sanyi. Cikin 'yan makonni aka haɗa doka, sassanta mafi tsauri ba a ko zauna jin ra'ayin masana a kansu ba, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu ranar 27 ga Oktoba, 1986.

Dokar ta ƙayyade mafi ƙarancin hukuncin da alƙali ba shi da ikon sassautawa. Wanda aka kama yana fataucin giram 500 na garin hodar zai sha shekara biyar. Wanda aka kama da giram 5 kacal na nau'in da ake dafawa ya dunƙule, wato crack, shi ma shekara biyar. Ninki ɗari ke nan, alhali asalin sinadarin ɗaya ne. Bambancin yana wajen masu saye: garin na masu hali ne, dunƙulen kuwa mai araha ne da ya cika unguwannin talakawa baƙaƙen fata. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar tsara hukunci ta ƙasar suna nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure kan crack baƙaƙe ne. Abin takaicin, garin hodar ne ya kashe Bias, ba dunƙulen ba. Dokar da aka yi da hawayen mutuwar saurayi baƙi ita ce ta kwashi dubban irinsa zuwa kurkuku. A 1995 hukumar ta nemi a daidaita hukuncin, majalisa ta ƙi. Sai a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu aka rage ninkin zuwa 18, sai kuma a 2018 aka bai wa tsofaffin fursunoni damar cin moriyar ragin.

Mu ma nan mun san dokar da ake yi cikin zafin rai. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi kisa ga masu safarar hodar, aka kuma mayar da ita baya ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta, a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. A 2018 kuwa, shekaru bayan iyaye a Kano da sauran garuruwan Arewa suna kuka kan kodin, sai da BBC ta fitar da rahoton bincike sannan gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai ɗauke da shi, cikin kwana ɗaya ko biyu.

Mahaifiyarsa, Lonise Bias, ta mayar da sauran rayuwarta ga zagaya makarantu tana yi wa matasa magana kan ƙwaya. Jarrabawar gidan ba ta tsaya nan ba. A watan Disamban 1990 aka harbe ƙanensa Jay, wanda shi ma ɗan ƙwallon kwando ne mai tasowa, bayan wata 'yar sa'insa a wata cibiyar kasuwanci, yana da shekara 20. Mahaifinsu ya shiga fafutukar taƙaita mallakar bindiga. An binne Jay kusa da yayansa a maƙabartar Lincoln da ke Suitland, a jihar Maryland.