Tarihin Malam Douglas Hyde na Ƙasar Ailan

An haifi Douglas Hyde ran 17 ga watan Janairu, 1860, a Castlerea, cikin lardin Roscommon, yammacin tsibirin Ailan. Ubansa limamin coci ne, ɗan ɗariƙar Furotesta, alhali kuwa yawancin mutanen ƙasar 'yan Katolika ne. A zamanin nan Ailan tana ƙarƙashin mulkin Ingila, harshenta na asali kuwa ya kama hanyar mutuwa, don Turanci ne harshen makaranta da shari'a da ciniki. Har ta kai wanda ya yi magana da harshen kakanninsa sai a ɗauke shi baƙauye.

Tun yana yaro ya riƙa zama wurin tsofaffin ƙauye, yana sauraron tatsuniyoyinsu da waƙoƙinsu, yana rubutawa, har harshen ya zauna a bakinsa. Daga nan ya tafi Kwalejin Trinity a Dablin, ya ƙware a Latin da Girkanci da Faransanci da Jamusanci, amma bai saki na gida ba.

A cikin 1893 shi da waɗansu abokansa suka kafa jam'iyyar Conradh na Gaeilge don rayar da harshen, aka ba shi shugabancinta. Suka buɗe azuzuwa birni da ƙauye. A 1905 ya ƙetare zuwa Amurka, ya tara mata kuɗi masu yawa. A 1909 aka naɗa shi Shehun Malami na harshen Ailan a jami'ar Dablin, ya riƙe kujerar nan har 1932.

Nufinsa jam'iyyar ta zama inuwar kowa, ko wace ɗariƙa mutum ya ke bi, ko wane ra'ayi gare shi. Da masu neman 'yancin kai suka rinjaye ta a 1915, suka shigar da ita siyasa, sai ya ajiye shugabanci. Wannan gudun ɓangaranci shi ya ɗaukaka shi daga baya. Da aka zo neman Shugaban Ƙasa na farko a 1938, manyan jam'iyyu suka haɗa baki a kansa, ya hau ba hamayya. Cikin shekarar nan ƙungiyar wasannin gargajiya ta cire shi daga iyayenta, don ya je kallon ƙwallon ƙafa, wasan da ta ɗauka na baƙi ne. Bai tanka ba. A 1940 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, duk da haka ya cika wa'adinsa a 1945.

Ya rasu ran 12 ga Yuli, 1949, yana da shekara 89. Ranar jana'izarsa yawancin ministoci waje suka tsaya, don dokar ɗariƙarsu ta lokacin ta hana su shiga cocinsa.

Mu da mu ke shirin karantar da yara, akwai abin lura a nan. Mutumin nan ya san harsuna da yawa, amma a bakin tsofaffin ƙauye ya samo abin da ya sa ake tunawa da shi. Kada ilmin baƙon harshe ya sa mu rena namu.