Tarihin Karl von Frisch, Malamin Ƙudan Zuma

'Yan'uwana ɗalibai, duk mun san zumar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya gano yadda ƙudan zuma ke zance da junansu. Labarinsa zan ba ku.

An haifi Karl von Frisch a birnin Biyana, ƙasar Ostiriya, ran 20 ga Nuwamba, 1886. Ya koyar da ilmin dabbobi a Jami'ar Munich ta Jamus. Shi ya gano cewa in ƙudan zuma ya samo furanni, sai ya komo amya ya yi ta rawa a kan saƙa yana kaɗa jiki. Inda ya dosa cikin rawar shi ke nuna wajen furannin bisa ga tsayuwar rana, daɗewar kaɗawar kuwa ita ke nuna nisa. Cikin duhu fa ake wannan rawa!

A zamanin Hitila an so a sallame shi daga aiki, wai kakarsa jinin Yahudawa ce. Abin da ya cece shi wata cuta ce mai suna Nosema, wadda ke kama hanjin ƙudan, ta yi ta hallaka su a Jamus. Dole aka bar shi ya bincike ta. An ba shi lambar Nobel a 1973, shi da wasu masana biyu, ya rasu a Munich ran 12 ga Yuni, 1982.

A ganina sawunsa masanan Nottingham ta Ingila suka bi. A 2022 sun nuna na'ura na iya jin motsin Varroa, ɗan mitsitsin ƙwaron da ke maƙale wa ƙudan zuma yana tsotsarsa.