Tarihin Kandido Portinari, Ɗan Baƙin Da Ya Zana Waɗanda Fari Ya Kora

A wannan fitowa filinmu na tarihin mashahuran mutane zai haye teku da mu zuwa ƙasar Birazil, domin mu kawo muku rayuwar wani mai zane da ake kira Kandido Portinari. Mun san wasu za su ce me ya haɗa 'yan kasuwa da mai zane, balle ma wanda ba addininmu ɗaya ba? Kuma mun san malamanmu suna da magana a kan zanen abu mai rai, to wannan fagensu ne, mu ba mu isa mu shiga ba. Abin da ya ja hankalinmu ga mutumin nan shi ne, shi ma ɗan baƙi ne kamar yawancinmu a nan Kudu, kuma ya yi amfani da baiwar da Allah ya ba shi wajen nuna wa masu ƙoshi halin mutanen karkara da rashin ruwan sama ya raba da gonakinsu.

Haihuwarsa Da Tasowarsa

An haifi Portinari a ƙarshen watan Disamba na shekarar 1903, a wata gonar kofi kusa da wani ɗan gari mai suna Burodoski, cikin jihar Sawo Paulo. Iyayensa mutanen Italiya ne da neman abinci ya kai su Birazil. Dalili kuwa, a 1888 aka hana bauta a ƙasar, sai masu manyan gonakin kofi suka rasa hannun aiki, suka riƙa ɗebo talakawan Italiya a jiragen ruwa suna zuwa yin ƙodago. A cikin 'ya'ya goma sha biyu na gidansu shi ne na biyu, kuma karatunsa na boko bai wuce firamare ba.

Tun yana ƙarami aka lura hannunsa yana da kyau wajen zane. A 1918 wasu masu fenti da ke bin garuruwa suna ƙawata majami'u suka sauka a garinsu, suka ɗauke shi ɗan aike, aka ba shi aikin zana taurari a rufin majami'ar garin. Daga nan fa abin ya shiga ransa. Yana da kimanin shekara 15 ya kama hanyar birnin Riyo, wanda a lokacin shi ne babban birnin ƙasar, ya shiga makarantar koyon zane ta gwamnati. Ya sha wuya ƙwarai, irin wuyar da duk wanda ya shigo birni da 'yar jaka ɗaya ya sani.

A 1928 ya ci wata gasa wadda ladanta shi ne tafiya Turai. Ya sauka birnin Paris na Faransa a 1929, ya yi kusan shekara biyu yana zagaya gidajen ajiye zane-zane yana duba aikin magabata. Abin mamaki, bai zana wani abu mai yawa a can ba. Kewar gida ce ta kama shi. Yana tsakiyar birnin da kowane mai zane ke mafarkin zuwa, amma zuciyarsa tana wurin jar ƙasar Burodoski da talakawanta masu yagaggun riguna. A can ya ƙudura cewa in ya koma, mutanensa zai zana. A Paris ɗin ne kuma ya auri wata 'yar ƙasar Yurugwai mai suna Mariya Martinelli, suka dawo Birazil tare a 1931.

Zanen Karkara

Da ya dawo ya cika alkawarin da ya yi wa kansa. A zamanin da manyan mutane suka fi son a zana musu fuskokinsu da na matansu, shi ya riƙa yin wannan don ya ci abinci, amma ƙarfinsa ya sa shi a kan gona. Ya zana filayen kofi da jar ƙasarsu, da yara suna buga ƙwallo a fili, da mutum-mutumin da ake kafawa don korar tsuntsaye, da leburori baƙaƙen fata jikokin bayi. Duk wanda ya ga aikinsa zai lura yana girmama hannaye da ƙafafun ma'aikata fiye da ƙima, ƙafafu faffaɗa masu kaushi da faso. Ba kuskure ba ne, da gangan yake yi, domin mai kallo ya san da wace gaɓa ake ciyar da ƙasa.

A 1935 ya yi wani zane mai suna Kofi, inda ƙarti ke ɗauke da buhuna a ka, har ba a ganin fuskokinsu. Wanda duk ya taɓa tsayawa a tashar goro ya ga 'yan dako suna loda huhu zai gane wannan hoto ba sai an yi masa bayani ba. An kai zanen baje-koli a birnin Pittsburgh na Amurka, ya sami lambar yabo, daga nan sunansa ya fita duniya. Gwamnatin Birazil ta ba shi aikin zanen bango a sabon ginin ma'aikatar ilimi a Riyo, a 1940 aka yi baje-kolin aikinsa shi kaɗai a New York, a 1941 kuma ya yi zanen bango a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka da ke Washington.

Fari Da Masu Gudunsa

To, a nan ne muka zo kan abin da ya sa muka zaɓo shi. Arewa maso gabashin Birazil yana da wani yanki mai faɗi, busasshe, mai ƙaya da ƙarancin ruwa, inda talakawa ke noman masara da wake da rogo, suna kiwon awaki da shanu. Jihar Bahiya, inda aka kai Hausawa da yawa a zamanin cinikin bayi har suka shirya tawaye a 1807, tana cikin wannan shiyya. Daminarsu gajeriya ce, kuma masana sun gano cewa a shekarun da ruwan tekun Pasifik ya ɗumama fiye da yadda ya saba, abin da suke kira El Nino, sau da yawa damina takan ƙi a yankin.

In ta ƙi kuwa, ba a cewa komai. Farin da aka yi daga 1877 zuwa 1879, masana tarihi suna kiyasta ya ci rayukan mutane kusan rabin miliyan. An sake yin wani a 1915, wato jim kaɗan bayan yunwar Kakalaba da ta auka wa ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914. A 1932 da fari ya komo, hukumomin jihar Seyara suka kafa sansanoni bakwai suka tsare mutum fiye da 70,000 a ciki, don kawai kada mayunwata su shigo babban birnin jihar su ɓata wa masu hali gani. Jama'a da yawa sun mutu a waɗannan sansanoni saboda cuta da yunwa.

Waɗanda suka tsira sukan ɗaure ɗan abin da ya rage su nufi kudu, inda gonakin kofi suke. Portinari yana yaro ya sha ganin irin waɗannan ayari suna ratsa garinsu, ƙafa duk ƙura, yara ciki a kumbure, wani lokaci ma da gawa. Wannan gani bai bar shi ba har ya girma. A 1944, bayan ya ga zanen da Picasso ya yi kan garin Gernika da aka yi wa ruwan bama-bamai a Sifen, sai ya zauna ya fitar da abin da ke ransa cikin manyan zane-zane guda uku.

Na farko sunansa Retirantes, wato masu ƙaura saboda fari. Tsawonsa ya kusa mita biyu. Iyali ne na mutum tara, manya huɗu da yara biyar, suna tsaye a fili fetal babu ko ɗanyen ganye. Ga tsoho da sanda, ga uwa da ƙunshin kaya a ka da jariri a hannu, ga uba da ƙullin tsumma rataye a sanda bisa kafaɗa, ga yaro tsirara daga ƙugu zuwa ƙasa da ƙaton ciki a kan siraran ƙafafu. A ƙasa ƙasusuwa ne warwatse, a sama ungulaye suna shawagi suna jira. Kuma idanunsu a kan mai kallo suke, ta yadda duk inda ka kauce sai ka ji kamar kai suke tambaya.

Na biyu sunansa Mataccen Yaro. Uwa ce a zaune ta sunkuya riƙe da gawar ɗanta wanda ya zama ƙashi da fata, 'yan'uwa kewaye da ita, hawayensu yana zuba manya-manya kamar tsakuwa. Na uku kuwa jana'iza ce ta wanda ba shi da ko makara: maza biyu sun saɓo gawa cikin shimfiɗar lilon da mutanen can ke kwana a ciki, mace ta durƙusa a gabansu ta ɗaga hannaye sama. Duka ukun suna ajiye a babban gidan zane-zane na birnin Sawo Paulo.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kafin wannan, mutanen birni sukan karanta labarin fari a jarida, adadi kaza sun mutu, su juya shafi. Portinari ya ɗauko adadin ya sa masa fuska, ya rataye shi a bangon da masu kuɗi da masu mulki ke zuwa kallo. Wasu sun ji haushi, suna ganin yana tona asirin ƙasa a idon baƙi, amma bai fasa ba.

Siyasa Da Ƙarshen Rayuwa

Tausayin talakawa ya ja shi cikin siyasa, ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu. Ya nemi kujerar majalisar wakilai a 1945 bai samu ba, ya nemi ta majalisar dattawa a 1947 aka kayar da shi da ƙuri'u kaɗan. A shekarar aka haramta jam'iyyar, aka shiga farautar 'ya'yanta, dole ya kwashi iyalinsa zuwa Yurugwai, sai a 1948 ya dawo.

Daga 1952 zuwa 1956 ya yi aikinsa mafi girma, wato zane biyu masu suna Yaƙi da Zaman Lafiya, kowanne tsawonsa kimanin mita 14, faɗinsa kimanin mita 10, waɗanda Birazil ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta. A ɓangaren yaƙin bai cika wurin da sojoji da bindigogi ba, iyaye mata ya zana suna kukan 'ya'yansu, irin matan nan da ya gani a hanyar Burodoski. Ana cikin aikin, a 1954, likitoci suka gane cewa dalmar da ke cikin fentin da yake amfani da shi tana zame masa guba a jiki, suka hana shi taɓawa. Ya ƙi ji, ya ƙarasa aikin. Da aka buɗe zanen a hedkwatar majalisar a New York a 1957 ba ya wurin, domin a lokacin Amurka ba ta maraba da ɗan gurguzu.

Gubar dalmar nan ce ta zama ajalinsa. Ya mutu a Riyo ranar 6 ga Fabrairu, 1962, yana da shekara 58. Ya bar ayyuka fiye da 5,000. A 1970 aka mai da gidan iyayensa na Burodoski wurin ziyara, a 1979 kuma ɗansa guda ɗaya da ya haifa ya kafa wani shiri na bin sawun ayyukan uban duk inda suke a duniya ana rubuta su.

Abin Da Ya Shafe Mu

A zamanin Portinari ba a fara maganar sauyin yanayi yadda ake yi yanzu ba, shi fari kawai ya sani. Amma abin da ya zana bai tsufa ba. Daga 2012 zuwa 2017 yankin nan ya sake shan fari mafi tsawo cikin shekaru masu yawa, kuma masana sun tabbatar cewa hayaƙin man fetur da gawayi da sare dazuka suna ƙara wa duniya zafi, wuraren da dama can busassu ne su ne kan gaba wajen shan wuya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dattawanmu da yawa a zangon nan farin 1973 ne ko na 1984 ya sauko da su, bayan shanu sun ƙare rumbu ya zama wayam. Yau sun yi gidaje, sun aurar da 'ya'ya, wasu sun sauke farali.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kullum da asuba tirelolin albasa da na shanu suna sauke mana samari daga Arewa da Nijar, kowa da buhun tsummansa, wasu gona ce ta gaza, wasu rashin tsaro ne ya koro su. Yaya muke karɓarsu? Sau nawa muka ji ɗan'uwanmu, wanda ubansa a rumfar wani ya fara kwana, yana cewa waɗannan baƙin ne ke ɓata mana suna a wurin 'yan gari? Wannan ita ce maganar da masu mulkin Seyara suka yi kafin su kafa sansani. Gaskiya ne a cikin baƙi akwai ɓata-gari, kuma wajibi ne Sarkin Hausawa da masu unguwanni su san wanda ya shigo da inda ya sauka. Sai dai sanin mutum daban, ƙyamarsa daban.

Don haka muna kira ga ƙungiyarmu, a taro mai zuwa a duba maganar masaukin baƙi da ta daɗe ana ɗagawa, kuma kowane mai gida da ke da rumfa ya ɗauki ko yaro ɗaya ya koya masa ciniki, kamar yadda aka yi wa iyayenmu. Portinari fenti yake da shi, da shi ya yi abin da zai iya har ya rasa ransa. Mu kuwa Allah ya ba mu rumfa da mudu da tabarma, ga kuma umarnin addini a kan haƙƙin baƙo da matafiyi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gida cikin rufin asiri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.