Abdulkarim, Baturen Da Ya Ƙiyasta Yawan Kanawa

An haifi Heinrich Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus a 1821. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi ƙasashen nan tare da Richardson da Overweg. Suka taso daga Tarabulus a 1850, suka keto Sahara. Abokan tafiyar nan biyu duk a hanya suka mutu. Shi kuwa ya ɗauki sunan Abdulkarim, ga Larabci, ga Hausa a bakinsa.

Ya shigo Kano a watan Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, bashi ya yi masa katutu, zazzaɓi kuma ya kama shi. Duk da haka bai zauna ba. Ya hau Dala ya zana birnin, ya bi kasuwa yana tambaya. Ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake ke cika gari, sukan kai 60,000. Ƙasar Kano baki ɗaya, har da mu nan Wudil, ya ce ta haura rabin miliyan.

Abin da ya fi amfani a rubutunsa shi ne haraji. Ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi wuri 700, abin da Sarki ke tarawa kuwa wajen wuri miliyan 100. To, 'yan'uwa ɗalibai, mu gwada lissafi. In da duk kuɗin ƙasa ne, magidanta 40,000 ke nan. In gida mutum 5 ne, an sami 200,000. In 10 ne, 400,000. Kun ga gaba ɗaya maganar ta rataya a kan yawan mutanen gida, kuma gidan gandu na Bahaushe ba ya ƙirguwa da sauƙi. Ga bayi, ga waɗanda aka yafe wa, ga masu ɓuya in mai karɓa ya zo. Irin matsalar da William Petty ya haɗu da ita ke nan a Ailan, da ya ƙiyasta mutum 1,100,000 a 1672 daga harajin murhu.

Abdulkarim ya kai Kukawa da Yola da Sakkwato, ya shiga Tambutu a 1853, ya sake biyowa ta Kano a 1854. Ya koma Turai a 1855 tare da yaransa biyu, Dorugu da Abbega, ya wallafa labarin tafiyarsa cikin littattafai 5. Ya mutu a Balin a 1865, yana da shekara 44.