Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

An haifi Alhassan a Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, mutanen da aka sani da fataucin goro zuwa Gwanja. Yana ɗan yaro uban ya rasu, uwarsa kuwa, wadda ake kira Amarya, ta tashi ta koma Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu, ta ci gaba da sana'arta can. Sai aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, ita ta goya shi. Daga sunanta ne ya sami laƙabin Ɗantata, wanda ya bi shi har kabari, ya kuma bi zuriyarsa.

Bai gama tasawa ba sai Basasa ta tashi a Kano cikin 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Su Yusufawa sun kafa sansaninsu a Takai, bisa hanyar da ta nufi Birnin Kudu, daga can suka yi ta cin garuruwa, har Aliyu Babba ya shiga birni cikin 1894. Agalawa da yawa sun bi Tukur, saboda haka da aka rinjaye shi sai wahala ta auka musu, aka ƙwace dukiyar waɗansu, aka kama waɗansu. Alhassan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa kana suka kuɓuta. Ya fito ba shi da gadon da zai dogara a kai, sai karatun allo da sanin hanyar fatauci.

Da ƙura ta lafa sai ya shiga ayari, ya riƙa zuwa Gwanja yana komowa. A zamanin nan tafiyar goro takan ci watanni, da jakuna, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowace ƙasa. Shi kuwa ya lura jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sai ya shiga ɗora goronsa daga Ankara zuwa Ikko ta teku, yana haɗawa da duwatsun wuya da yadin Turawa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta cikin 1912, sai ya tattara ya tare cikin birni, ya gina gida a Sarari.

Jirgin nan shi ya ɗaukaka gyaɗa. Turawa suna bukatar manta a Ingila, talakawa kuma suna bukatar kuɗin haraji, sai noman gyaɗa ya bazu cikin gundumomin Kano, har da Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin En'e ta Kano, tun ba a yanke Jihar Jigawa ba cikin 1991. Amma Bature bai san manomi ba, manomi bai san Bature ba. Cikin 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya zama mai saya masa gyaɗa. Ya karɓi kuɗin kamfani, ya rarraba wa yaransa, su kuma suka bi kasuwannin ƙauye da ma'auni da buhuna, aka riƙa ɗauko kaya bisa jakuna da raƙuma zuwa bakin tasha. Kuɗi mai yawa yakan fita daga hannunsa ba tare da wata takardar shaida ba, sai amana, ya kuwa komo gyaɗa cif. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, wanda ya saɓa a janye. Buhunan da ya tara su ne aka jera suka zama dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

Cikin 1929 Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano. Alhassan ya kai ajiyarsa ta kuɗin azurfa, kayan raƙumi 20. A zamanin da attajirai suke binne dukiya cikin tukwane, wannan ya zama abin labari, ya kuma sa waɗansu suka saki jiki da banki.

Duk da wannan wadata bai canja tufa ba, bai canja ci ba. Mutum ne mai tsimi, mai duba lissafi da kansa, ba ya raina kwabo. Ya sauke farali tun farkon shekarun 1920, tafiyar da ta bi da shi ta Ingila, har aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. Bayan ya komo ya riƙa biya wa waɗansu kuɗin zuwa Makka, yana ciyad da malamai da almajirai, yana ba masu ƙaramin ƙarfi jari su tsaya da ƙafarsu. Ba albashi ya sa shi ba, ba kuwa umurnin wani. Da girma ya zo aka sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, inda ya zauna tare da masu sarauta yana ba da shawara kan sha'anin ciniki, alhali shi ba ɗan sarauta ba ne.

Ya ga zamanin sarakuna tun daga Bello da Tukur da Alu, zuwa Abbas da Usman da Abdullahi Bayero, har farkon sarautar Muhammadu Sanusi. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su wargaza kamfanin da ya kafa. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, yana da shekara 78, aka rufe shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa Sanusi da Aminu sun riƙe sana'ar, Aliko Ɗangote kuma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Abin da ya kamata ma'aji da malamin haraji da magatakardan alƙali su tsinta cikin wannan tarihi shi ne, dukiyar da Alhassan ya riƙa sayen gyaɗa da ita ba tasa ba ce, ta kamfani ce aka damƙa masa, ya mayar da ita daidai shekara bayan shekara. Kuɗin Baitulmali ma haka yake, gumin manomin Gwaram ne da na Birnin Kudu, ajiya ce hannun mai rubuta rasit. Wanda ya tsare ta ya tsare sunan gidansu.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.