Dakta Barau Dikko: Mai Bi a Ofishin Gwamnati

Karatu: Daniyel 6:1-10

Idan ka taɓa kai mara lafiya Kaduna, mai yiwuwa ka ji sunan asibitin Barau Dikko. Da yawa cikin masu shiga ƙofarsa ba su san cewa mai sunan Kirista ba ne. Labarinsa naka ne, kai da kake aiki a sakatariyar Anka, ko asibitin Gummi, ko wata makarantar firamare a Bukkuyum, inda wataƙila kai kaɗai ne mai bi a cikin ma'aikata.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau a 1912. Ya tashi a hannun 'yan mishan na CMS, ƙarƙashin Dakta Walter Miller, Baturen likitan nan da ya sha wahalar fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har aka buga shi a 1932. Masu bi na Zariya a lokacin 'yan kaɗan ne, kuma daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwar birni. Daga makarantar mishan Dikko ya wuce King's College a Legas, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila. Da ya dawo, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani.

Da ya so, da ya zauna a asibitin mishan cikin 'yan'uwa, inda ba wanda zai dube shi a karkace saboda bangaskiyarsa. Sai ya shiga aikin gwamnati a 1940 a matsayin ƙaramin likita. Shekara 13 ya yi kafin ya zama babban likita a 1953. Ka ƙidaya su da kyau, kai da zuciyarka ta ɓaci don an tsallake ka sau ɗaya wajen ƙarin girma. A 1957 aka ɗora shi a kan sashen yaƙi da cututtukan da suka yi katutu a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. A wancan zamani Anka da Gummi suna cikin Lardin Sakkwato, wato kakanninmu ma suna cikin waɗanda ofishinsa ke ɗauke da nauyinsu. Yawancin waɗanda ya yi wa magani ba za su taɓa taka majami'a ba, bai kuwa hana shi duba su ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne a 1948, sa'ad da 'yan bokon Arewa suka fara haɗa kai, aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Dikko yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma da aka yi babban taro a Kaduna a 1949, shi aka ba shugabanci. Ƙungiya ce da kusan duka Musulmi ne, akwai irin su Abubakar Imam da Malam Aminu Kano, amma suka amince Kirista ya ja gaba. Bai ɓoye ko shi wane ne ba, sunansa kaɗai ya isa ya faɗa. A ganina ba wa'azi ya jawo masa wannan amana ba. Shekarun da suka yi suna kallon yadda yake riƙe aiki da mutane su suka jawo ta. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya zauna a ciki ba, sai ya bar kujerar ya ci gaba da likitancinsa.

Ɗan Angilikan ne, ba irin sujadarmu ya yi ba. Amma mu da muke kwana muna addu'a ranar Juma'a, ya kamata mu tambayi kanmu ko abokan aikinmu za su ba mu ajiyar kuɗin adashinsu. Idan ka fito daga addu'ar dare ka makara wajen aiki, ka sa hannu a rajista kamar ka zo da wuri, ko ka karɓi na goro kafin ka fito da fayil ɗin tsoho mai neman fanshonsa, wanda ke zaune kusa da kai ya gani. Maƙiyan Daniyel sun bincika aikinsa sarai ba su sami aibi ba, shi ya sa suka koma kan addu'arsa.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya girma, ya naɗa Dikko Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki na Tarayya. Harkar man fetur tana ƙarƙashin wannan ma'aikata a lokacin. A 1971 aka mai da shi Ma'aikatar Sufuri.

Likita a kan kujerar ma'adinai: mu a nan mun san yadda waɗannan biyu suke haɗuwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, domin ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Bagega kuwa sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, yara suna ta jira kafin a soma yi musu magani. Kowane wata na jinkirin nan, takarda ce da ta kwana a kan teburin wani. Kai ma akwai takarda a kan naka teburin, ko allura a hannunka, ko ma'auni a shagonka, kuma akwai wanda ke jira.

Dikko ya rasu a 1977. Asibitin Kaduna da ke ɗauke da sunansa yanzu asibitin koyarwa ne na Jami'ar Jihar Kaduna, inda ake horar da sababbin likitoci, Musulmi da Kirista.